Su da kwale-kwale a ƙasar Daura da kewaye

Su da kwale-kwale shi ne kamun kifi daga cikin ƙaramin jirgin ruwa na katako wanda ake tuƙawa da filafili ko gwangwala. Sana'a ce tsohuwa a gaɓar kogin Neja, da gulbin Kebbi, da Tafkin Chadi, da fadamun Haɗeja da Nguru. A ƙasar Daura da sauran arewacin jihar Katsina kuwa, inda babu kogin da ke gudana duk shekara, sana'ar ta dogara ne a kan madatsun ruwa da tafkunan da damina ke cikawa. Irin jirgin da masunci ya zaɓa shi ke nuna inda zai iya kaiwa a cikin ruwa, da kayan sun da zai iya ɗauka, da kuma yawan haɗarin da yake jefa kansa a ciki.

Suna da kalmomin sana'a

Kalmar jirgi a asalinta abin shiga ruwa take nufi. Da jirgin ƙasa da jirgin sama suka zo, sai aka ara musu sunan, har ya zama dole a riƙa cewa jirgin ruwa domin a bambanta. Haka ma kalmar tuƙi: tun kafin zuwan mota ana kiran mai sarrafa jirgi matuƙi. Kwale-kwale shi ne ƙaramin jirgi marar rufi. A wasu wurare ana ce masa komi, sunan da ake kiran gungumen da aka fafe domin shayar da dabbobi, saboda sassaƙarsu iri ɗaya ce.

Su shi ne kamun kifi, mai yin sa masunci, jam'insa masunta. A rubutun boko ba a bambanta wannan kalma da wakilin sunan nan su, amma a baki karin sautinta mai faɗuwa ne. Fito kuma shi ne tsallakar da mutane da kaya daga wannan gaɓa zuwa waccan, masu yin sa 'yan fito. A ƙauyuka da yawa jirgi ɗaya ne ke yin su da asuba, ya kuma yi fito ranar kasuwa. Sana'ar ta bar sawu a karin magana, kamar inda ake cewa kifi na ganinka mai jar koma, wato wanda ake ƙulla wa makirci ya riga ya gane.

Tarihi

Kwale-kwale mafi tsufa da aka gano a Afirka a arewacin Najeriya yake. A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da shi a zurfin kusan mita 5. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus sun tone wurin a 1994, aka kuma ciro jirgin a 1998. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kusan rabin mita, kuma gwajin kimiyya ya nuna ya kai shekara 8,000. An adana shi a Damaturu. Kyan sassaƙar goshinsa da bayansa ya sa masana suka ce sana'ar ta riga ta daɗe kafin a yi shi.

Cikin Hausawa, waɗanda suka fi shahara da su a kan jirgi su ne Kabawa na Argungu da Sarkawa na ƙasar Yawuri, waɗanda asalinsu ke da alaƙa da masuntan Sorko na daular Songhai. Daga nan masunta suka riƙa bin ruwa zuwa Binuwai da Tafkin Chadi, inda Baga ta zama babbar kasuwar bandar kifi. Mutanen Buduma na tsibiran tafkin suna da nasu jirgin da suke ɗaurawa da ciyawar ruwa.

Daura ba garin kogi ba ce. Labarin kafuwarta ma a kan rijiya ya ginu, wato rijiyar Kusugu. Damina a yankin gajera ce, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, kuma koramu suna ƙafewa da rani. A irin wannan ƙasa su na taron gari ne: idan ruwan tafki ya ja baya sai a sa rana, jama'a su shiga da koma da gora. Gina madatsun ruwa a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 ne ya samar da ruwa mai zurfi da ke kwana shekara. An kammala Kainji a 1968, Tiga a 1974, Bakolori a 1978, Zobe ta Dutsin-Ma a 1983. A kusa da Daura akwai madatsar Sabke a ƙaramar hukumar Mai'adua da madatsar Daberam a tsakanin Daura da Dutsi. A tsallaken iyaka, cikin Jamhuriyar Nijar, akwai tafkin Madarunfa kusa da Maraɗi da na Gidimuni a jihar Damagaram, duka ana su a cikinsu.

Ire-iren kwale-kwale

Na sassaƙe. Wannan shi ne na asali. Masassaƙi yana sare gungume guda, ya fafe cikinsa da gatari da gizago. Ana son icce mai jure ruwa kamar maɗaci da kawo. Rimi da maje sun fi sauƙin sassaƙa kuma ba su da nauyi, amma ba sa daɗewa. Jirgin sassaƙe ba shi da mahaɗar da za ta yi yoyo, sai dai faɗinsa ba ya wuce kaurin bishiyar, ƙasansa kuma a zagaye yake, don haka yana saurin tangaɗi da wanda bai saba ba. Ƙarancin manyan bishiyoyi a yankin Sahel ya sa samunsa ya yi wuya.

Na katako. Shi ne aka fi gani yanzu a madatsun ruwa. Kafinta yana jera katakai a kan haƙarƙari, ya buga da ƙusa, ya cusa auduga ko tsumma a mahaɗai, ya bi da kwalta ko ƙaro. Ƙasansa a shimfiɗe yake, shi ya sa yake shiga ruwa marar zurfi, yake kuma ba masunci damar tsayuwa. Ana iya yin sa a bakin ruwan da za a yi aiki da shi. Rauninsa a mahaɗai yake, inda yake fara yoyo idan ƙusa ta yi tsatsa.

Na faiba da na ƙarfe. Ba sa ruɓewa kuma ba sa shan ruwa, amma suna da tsada, gyaransu kuma sai wanda ya koya. An fi samunsu a hannun hukumomi da ƙungiyoyin masunta.

Gora. Ko da yake ba jirgi ba ne, babban gora shi ne abin hawan masunta da yawa a fadamun Haɗeja da Nguru da kuma Argungu. Masunci yana kifa cikinsa a kai, ya yi iyo da hannu da ƙafa, ya riƙa zuba kifin da ya kama a cikin goran. A ƙananan tafkuna har yanzu ya fi jirgi arha da sauƙin ɗauka.

Zaɓen kwale-kwale

Abu na farko da ake dubawa shi ne irin ruwan. A fadama da bakin tafki, inda ciyawa da laka suka yi yawa, jirgi gajere marar nauyi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ya fi dacewa, domin ana tura shi da gwangwala, ana kuma iya jansa a kan tudu. A tsakiyar babbar madatsa, inda iska ke tayar da igiyar ruwa, ana bukatar mai tsawo, mai dogon gefe da ɗagaggen goshi.

Tsawo da faɗi kowane yana da amfaninsa da farashinsa. Dogon jirgi siriri ya fi gudu, ya fi kuma miƙewa a hanya, amma juya shi da wuya kuma tsayuwa a cikinsa sai gwani. Mai faɗi ya fi natsuwa a kan ruwa, ya fi ɗaukar kaya, amma yana gajiyar da matuƙi, iska kuma ta fi kaɗa shi. Saboda haka kayan su ne ke yanke hukunci. Mai jefa birgi a tsaye yake aiki, don haka faɗi yake nema. Mai kalli ko mamari a zaune yake aiki kuma yana tafiya mai nisa, tsawo ya fi masa amfani. Mai gura yana bukatar fili a tsakiyar jirgi inda zai jibga tarkunansa. Taru kuwa aikin mutane da yawa ne, sai babban jirgi.

Abu na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa bayan an yi lodi. Jirgin da ya isa mutum biyu da safe yana iya kasa isarsu da rana, domin jiƙaƙƙiyar raga ta fi busasshiya nauyi, ga kifi, ga ruwan da ya taru a ciki. Idan tazarar ta ragu, ƙaramar igiyar ruwa ma ta isa ta cika shi.

Wajen sayen tsohon jirgi, masunta suna ƙwanƙwasa katakon su saurara: lafiyayyen katako yana amsawa da ƙarfi, ruɓaɓɓe kuwa sautinsa a dushe yake. Ana duba tsagewa a goshi da baya, da baƙin tabon da ke kewaye da ƙusa, da hujin gara. Faci da gwangwani ko langa-langa yakan ɓoye ruɓa. Gwajin ƙarshe a ruwa ake yin sa: a shiga da nauyin da za a riƙa ɗauka, a ga ko jirgin ya karkata gefe guda, a kuma ga yawan ruwan da yake sha.

Sa inji, irin na Yamaha da ake ratayawa a baya, yana bukatar jirgin da aka yi wa yankakken baya mai ƙwari. A Kainji da Tafkin Chadi inji yana biyan kuɗinsa saboda nisan tafiya. A ƙananan madatsu irin na ƙasar Daura kuwa, kuɗin mai yakan cinye ribar, shi ya sa filafili da gwangwala suka wadatar.

Tuƙi da zama a jirgi

A kan yi aiki mutum biyu: matuƙi a baya, masunci a goshi. Sau da yawa matuƙin yaro ne ɗan gida, kuma daga nan yake koyon sana'ar. Ana shiga jirgi ɗaya bayan ɗaya, a taka tsakiya, a sunkuya. Kaya masu nauyi a ƙasa ake ajiye su kuma a tsakiya. A ruwa marar zurfi ana dogara gwangwala a ƙasa a tura, idan ta daina taɓa ƙasa sai a koma ga filafili. Domin a tsayar da jirgi wuri guda ana kafa gwangwalar a laka a ɗaure shi, ko a jefa dutse da igiya daga goshi. Ba a ɗaure igiyar a gefe, domin iska na iya jan jirgin ya kife. Ƙwarya ko kwanon kwarfe ruwa ba ya barin cikin jirgi.

Kifi yana jin motsi ta cikin ruwa, saboda haka buga filafili a jikin katako yana korar sa. Wani lokaci da gangan ake yin hakan: bayan an shimfiɗa raga sai a zagaya ana dukan ruwa da gefen jirgi domin kifi ya ruga cikinta.

Kayan su

Birgi raga ce mai da'ira da dalma a bakinta. Masunci yana tsayawa a goshi, ya wurga ta ta buɗe a sama, ta faɗa ta rufe kifi, sannan ya jawo igiya a hankali. Jifan yana girgiza jirgi, aikin matuƙi ne ya daidaita shi da filafili.

Kalli doguwar raga ce da ake shimfiɗawa a tsaye cikin ruwa, da abin da ke ɗaga samanta da abin da ke nitsar da ƙasanta. Ana kafa ta da yamma a ɗebe da asuba. Masunta suna auna idon raga da yatsu, su ce mai yatsa biyu ko mai yatsa uku, kuma girman idon ne ke zaɓen girman kifin da zai maƙale.

Mamari doguwar igiya ce mai ɗauke da ƙugiyoyi da yawa a jere. Tana kama tarwaɗa da sauran kifin ƙasan ruwa. Wajen ɗebe ta ake yawan jin rauni, domin ƙugiya na iya kama hannu idan babban kifi ya fizga.

Gura tarko ne na sanduna da raga wanda kifi ke shiga ya kasa fita. Ana sa masa dusa ko tuwo a ciki. Wani nau'insa ana ce masa gurar Mali, domin daga masuntan Mali aka koyo shi. A Tafkin Chadi ana jera irinsa da yawa su tare hanyar ruwa, abin da ake kira dumba.

Taru babbar raga ce da jirgi ke zagayawa da ita, sannan mutane su ja ta zuwa gaɓa. Koma da homa ragar hannu ce, fatsa kuma ƙugiya ɗaya a bakin sanda. Zago mashi ne mai igiya da Sarkawa suka yi amfani da shi wajen farautar dorina da kada.

Kifaye da lokaci

A madatsun arewacin Katsina an fi samun karfasa da tarwaɗa. Gaiwa tana zaune a tafkunan da ke ƙafewa, tana shiga laka ta yi rani a ciki har ruwa ya dawo. A manyan ruwaye ana ƙara samun giwan ruwa, da ragon ruwa, da kurungu, da bargi, da tsage, da yauni, da minjirya mai girgiza wanda ya taɓa ta. Ƙayar kurungu da ta tarwaɗa suna huda hannu da ƙafa, shi ya sa ake karya su kafin a jefa kifin cikin jirgi.

Kifi yana hayayyafa ne da damina, lokacin da ruwa ke malala cikin ciyawa. Kamu ya fi yawa bayan kaka zuwa bazara, sa'ad da ruwa ya ja baya kifi ya taru wuri guda. Yawancin masuntan yankin manoma ne, suna su da rani, su koma gona da damina. Abin da ba a sayar ɗanye a bakin ruwa ba, ana soya shi ko a yi banda.

Sarkin ruwa da doka

A al'ada kowane babban ruwa yana da sarkin ruwa, wanda ke ƙarƙashin dagaci ko hakimi. Shi ke buɗe su da rufe shi, ya karɓi baƙin masunta, ya raba rigimar raga da wurin kafa tarko, kuma shi ake nema idan wani ya nitse. A Argungu sarkin ruwa ne ke kula da gulbin Matan Fada, inda ake hana su har ranar biki. Bikin ya samo asali a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ban da gasar kamun kifi da homa da gora, ana tseren kwale-kwale da wasannin ruwa da ake kira kabanci. A Yawuri ma ana bikin Rigata na jiragen ruwa.

Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da lantarki. Wannan ya shafi magimfa, tsiron da aka saba dakawa a zuba a ruwa, da maganin ƙwari irin su Gammalin 20. Raga mai ƙananan ido, har da gidan sauro, tana kwashe 'ya'yan kifi kafin su hayayyafa. Saboda wannan dalili aka hana jan ragar dala a tafkin Kainji a ƙarshen shekarun 1990. Binciken kifin ruwan daɗi yana hannun cibiyar ƙasa da ke New Bussa a jihar Neja, sufurin ruwa kuma yana hannun hukumar NIWA mai hedikwata a Lokoja.

Haɗari

Kwale-kwale yana kifewa ne galibi saboda lodi fiye da ƙima, ko iskar hadari ta farkon damina, ko karo da kututturen bishiyoyin da madatsa ta shanye, ko tafiyar dare. Asarar rai ta fi yawa idan aka mai da jirgin su na fito, aka cika shi da fasinjojin da ba su iya iyo ba. A watan Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da fiye da mutum 100 ya nitse a kogin Neja kusa da Warrah a jihar Kebbi. A ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekara wani ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, yawancin waɗanda suka rasu 'yan makarantar Islamiyya ne. A ƙasar Daura ma, cikin kwanakin ƙaramar Sallah na watan Mayun 2022, kwale-kwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'adua, fiye da mutum goma suka rasu, akasarinsu yara.

Matakan kariya sanannu ne: sa rigar hana nitsewa, ƙayyade yawan mutane, barin ruwa da zarar hadari ya haɗo, da hana fasinja miƙewa tsaye. Idan igiyar ruwa ta taso ana fuskantar ta da goshin jirgi, ba a ba ta gefe. Jirgin katako ko ya cika da ruwa yakan ci gaba da yawo a sama, don haka riƙe shi ya fi yin iyo zuwa gaɓa mai nisa. Yawan shiga ruwan da ba ya gudu kuma yana jawo cutar tsargiya, wadda ƙananan katantanwa ke yaɗawa.

Kula da jirgi

Jirgin katako ba ya son ya bushe ƙaƙas. Idan aka bar shi a rana katakai suna tsukewa, mahaɗai su buɗe, shi ya sa ake barinsa cikin ruwa ko a inuwa. Wanda ya daɗe a tudu ana nitsar da shi kwana biyu ko uku ya kumbura kafin a koma aiki da shi. Akan sake cusa mahaɗai a shafa kwalta kafin lokacin su ya kama.

Ƙalubale

Madatsu suna cikewa da yashi da laka, noman rani kuma yana rage ruwansu a daidai lokacin da masunta suka fi bukatarsa. A fadamun Haɗeja da Nguru ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin jirage da dama. Tafkin Chadi, wanda ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu ƙwarai, rikicin Boko Haram kuma ya raba masunta da yawa da Baga. Katako da raga sun yi tsada, yayin da kiwon tarwaɗa a kududdufin siminti da kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga waje suke gasa da kifin tafki a kasuwa.

Duba kuma

Masarautar Daura
Kwale-kwalen Dufuna
Bikin kamun kifi na Argungu
Tafkin Chadi